Gyaran keke: Yadda ake cire haƙoran ƙafar baya ba tare da an kashe cibiya ba

A wurin mai gyaran keke, sauya waya guda da ta tsinke ƙaramin aiki ne. Wayar ba ta da tsada, ɗaura ta kuma ba ya cin lokaci. Amma idan a ƙafar baya ta tsinke, kuma ta ɓangaren dama inda sarƙa take, galibi babu yadda za a zura sabuwa sai an kawar da fayafayan haƙoran da suka tare ramin da za ta shiga. Daga nan ne aikin ke sauya kama. Mai gyaran da ke da mabuɗin da ya dace zai cire su cikin 'yan mintoci. Wanda ba shi da shi kuwa sai ya ɗauko guduma da ƙarfe mai tsini, kuma ba kasafai ƙafar ke fita lafiya daga wannan duka ba.

Batun ya ƙara muhimmanci tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Tsadar sufuri ta sa magidanta da ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa da dama sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu, wasu kuma suka sayi na hannu waɗanda ake shigowa da su daga ƙasashen waje. A Maiduguri an ga irin haka tun 2011, lokacin da aka haramta hawa babur a birnin saboda matsalar tsaro. Sai dai kekunan da ke shigowa yanzu sun sha bamban da Raleigh da Phoenix da Hero waɗanda tsofaffin masu gyara suka ƙware a kansu. Waɗancan faifan haƙora ɗaya tal ne a bayansu. Na yanzu suna ɗauke da shida ko bakwai, wasu har goma ko fiye, kuma kowane nau'i da hanyar da ake bi a cire shi.

Ga wanda keke ne ke kai shi wurin aiki daga Nyanya ko Kubwa, ko shi ne ke ɗaukar masa kaya zuwa kasuwa, mutuwar ƙafar baya na nufin kwanaki a ƙasa da kuma kashe kuɗin da bai shirya ba, domin a cikin ƙafafun keke biyu ita ce ta fi tsada.

Abin da ke ƙas-ƙas a ƙafar baya

Duk wanda ya taɓa hawa keke ya san ƙarar ƙas-ƙas ɗin nan da ke fitowa daga baya idan mahayi ya daina taka feda alhali keken na tafiya. Ƙarar tana fitowa ne daga wasu ƙananan harsunan ƙarfe, galibi biyu ko uku, waɗanda sifirin ke turawa zuwa ga wani zobe mai haƙora a ɓoye. Idan aka taka feda, harsunan su cije haƙoran zoben, faifai ya ja ƙafa. Idan aka daina takawa, ƙafar ta ci gaba da juyawa, harsunan su riƙa tsallake haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne abin da mahaya ke kira firi.

Kekunan farko ba su da shi. Feda da ƙafa tare suke juyawa, ko a gangara mahayi ba shi da hutu. Wani Ba'amurke mai suna William Van Anden ya yi rajistar dabarar a 1869, amma ba ta yaɗu ba sai a ƙarshen ƙarni na 19, bayan da John Kemp Starley ya fito da keke mai sarƙa da ƙafafu biyu masu kusan girma ɗaya a Ingila a 1885. A Jamus, Ernst Sachs ya fito da cibiyar Torpedo a 1903, wadda ta haɗa firi da birkin taka feda baya. Shi ma kamfanin Shimano na Japan, wanda aka kafa a birnin Sakai a 1921, da ƙera firiwil mai faifai ɗaya ya fara kafin ya zama babban mai ƙera kayan keke a duniya.

Da aka fara ƙara yawan giya, sai aka riƙa jera fayafayai a kan firiwil ɗin, daga uku zuwa biyar, har zuwa bakwai. A 1978 kuma Shimano ya fito da wani tsari na daban, inda ya mayar da harsunan da zobensu cikin cibiyar ƙafar, fayafayan kuma suka zama abin zurawa a kan wani bututu mai tsagogi. Wannan jeri na fayafayai shi ake kira kaset. Yau nau'o'in biyu duk suna yawo a titunan Najeriya, kuma daga nesa ba a iya bambance su.

Dalilan da ke sa a cire su

Dalili na farko shi ne waya. Ƙafar baya mai giya da yawa ba a daidai take a ɓangarorinta biyu ba. Domin a samar wa fayafayai wuri, wayoyin dama sun fi miƙewa tsaye, sun kuma fi na hagu ɗamewa. Ga nauyin mahayi da na kaya, ga ramukan hanya, ga sarƙar da kan zame ta faɗa tsakanin babban faifai da wayoyi ta gurgure su. Wayar da aka gurgura ba ta daɗewa. Idan ɗaya ta tsinke, rim ya karkace, maƙwabtanta su ɗauki nauyinta, su ma su fara tsinkewa.

Dalili na biyu shi ne cinyewar haƙora. Tsakanin kowace ƙusar sarƙa da mai bi mata rabin inci ne, don haka a sabuwar sarƙa, daga wata ƙusa zuwa ta 24 a gabanta inci 12 ne cif. Yayin da ƙura da mai suka haɗu suna goge ƙusoshin, sarƙar sai ta ƙara tsawo. Idan ƙarin ya kai kashi ɗaya cikin 16 na inci, lokacin sauya sarƙa ya yi. Idan ya kai kashi ɗaya cikin takwas, mai yiwuwa ta riga ta cinye haƙoran fayafayan, kuma sabuwar sarƙa za ta riƙa tsallake su duk lokacin da aka taka da ƙarfi. Ƙurar hunturu da baƙin man injin da mutane ke zuba wa sarƙa suna gaggauta wannan lalacewa.

Dalili na uku shi ne firi ɗin kansa. Ruwan damina yakan shiga ya sa tsatsa, ko datti ya daskarar da harsunan, sai feda ta riƙa juyawa a banza ba ta jan ƙafa. Wannan yana da haɗari, musamman ga mahayin da ya miƙe tsaye yana taka feda a hawa ko a tsakiyar motoci. Kazalika, a wasu ƙafafun ba a iya kaiwa ga boris ɗin cibiya na ɓangaren dama, ko a sauya sandar ƙarfen da ta ratsa cibiyar idan ta lanƙwashe, sai an cire firiwil. Lanƙwashewar nan ta zama ruwan dare a ƙafafu masu firiwil na giya bakwai, saboda boris ɗin dama yana can ciki, nesa da inda sandar ta hau jikin keke. Tsarin kaset ya magance wannan ta hanyar matso da boris ɗin waje.

Firiwil ne ko kaset?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a amsa kafin a taɓa kowane ƙarfe. Bayan an sauke sarƙa a kan ƙaramin faifai an cire ƙafar daga jikin keke, sai a duba tsakiyar fayafayan, inda ake ganin wasu tsagogi ko gurabu da mabuɗi ke shiga. Daga nan a juya fayafayan baya da hannu, ana kallon wurin. Idan tsagogin sun tsaya cik alhali fayafayan na juyawa, firiwil ne. Idan suna juyawa tare da fayafayan, kaset ne, kuma abin da ake gani shi ne zoben da ke kulle shi.

Akwai wasu alamun. Zoben kaset a fili yake, a kwance a kan ƙaramin faifai, sau da yawa da rubutu a jikinsa da kibiya mai nuna inda ake ɗaurewa. Tsagogin firiwil kuwa a nutse suke a ciki. Keke mai giya biyar ko shida a baya kusan kullum firiwil ne. Mai tara ko fiye kusan kullum kaset ne. A bakwai da takwas ne ake samun kowanne.

Mabuɗan biyu suna da kama ƙwarai. Na firiwil ɗin Shimano da na zoben kaset duk tsagogi 12 ne da su, amma zurfinsu da kaurinsu ba ɗaya ba ne. Kamfanin Park Tool na Amurka, alal misali, ya fitar da na farko da lambar FR-1, na biyu da lambar FR-5. Wanda ya tilasta ɗaya a gurbin ɗaya yakan gurje tsagogin, daga nan kuma ko mabuɗin gaskiya ya zo ba zai kama ba. Tsofaffin firiwil na SunTour da wasu na Turai ba su da tsagogi ma, gurabu biyu ko huɗu ne a bakinsu, kowanne da nasa mabuɗin.

Cire firiwil

Firiwil murɗa shi ake yi a kan cibiya kamar yadda ake murɗa noti. Zanen murɗinsa na dama ne, wato ɓangaren da sarƙa ke jansa. Saboda haka duk taku ɗaya da mahayi ya yi, ƙara ɗaure shi yake yi. Keken da ya shekara yana hawa tudu da buhun masara a baya, firiwil ɗinsa ya ɗauru da ƙarfin da hannu kaɗai ba zai iya kwancewa ba, balle idan tsatsa ta shiga tsakani.

Da farko ana cire notin dama, a zura mabuɗin har ya zauna sosai a gurbinsa. Sannan a mayar da notin a kansa, a ɗaure da hannu kawai, domin ya hana mabuɗin zamewa. Wannan mataki ya fi zama wajibi ga firiwil mai gurabu biyu, domin gurabun ba su da zurfi, kuma zamewa ɗaya ta isa ta ɓare su. A kekunan da ake ɗaure ƙafarsu da siririyar sanda mai hannu maimakon noti, sandar ce ke yin wannan aiki.

Hanya mafi inganci ita ce a damƙe mabuɗin a cikin mamatsin ƙarfe da aka kafe a kan teburi, irin wanda ake samu wurin masu walda da makanikai. Ƙafar tana kwance a sama, fayafayan na kallon ƙasa. Mai gyara ya kama taya da hannu biyu kamar sitiyari, ya juya ta hagu, wato saɓanin tafiyar hannun agogo. Faɗin ƙafar shi ke ba shi ƙarfin da sifana ba za ta ba shi ba. Gara a bar tayar a jiki da iskarta, domin ta fi daɗin riƙo, tana kuma kare rim. Idan babu mamatsi, sai a tsayar da ƙafar a ƙasa, a jingina tayar da bango, a kama mabuɗin da babbar sifana, a zura bututun ƙarfe a hannunta domin ƙarin tsawo.

Firiwil yakan saki ne da ƙara guda mai ƙarfi. Da zarar ya saki, dole a tsaya a sassauta notin da ke riƙe da mabuɗin. Dalili shi ne, yayin da firiwil ke kwancewa, waje yake fitowa, yana tura mabuɗin a kan notin. Idan aka ci gaba da juyawa notin na ɗaure, wani abu zai lalace, ko zanen murɗin cibiya ko na sandar. Bayan an cire notin, sauran kwancewar da yatsu ake ƙarasa ta.

Idan ya ƙi, ana ɗiga mai mai ratsa tsatsa ko kananzir ta bayan babban faifai, a bar shi ya kwana. Wuta ba ta dace ba a nan, domin tana ƙona man boris, tana kuma raunana cibiyar alminiyam.

Wanda babu gurbin mabuɗi a jikinsa

Da yawa daga cikin firiwil masu faifai ɗaya da ke kan manyan kekunan Indiya da Sin ba a yi musu gurbin mabuɗi ba. Irin waɗannan sai an warware su kafin su fita, kuma a nan ne guduma ke da halaliyar rawar takawa. A fuskar firiwil ɗin akwai wani murfi mai kamar zobe, da ƙananan ramuka biyu. Murɗin wannan murfi na hagu ne, don haka ana kwance shi ne ta hanyar juya shi dama. Mai gyara yana sa ƙarfe mai tsini a ɗaya daga cikin ramukan, ya riƙa bugawa a hankali zuwa ɓangaren da hannun agogo ke bi. Wanda bai san haka ba yakan yi ta bugawa hagu, yana ƙara ɗaure abin da yake son kwancewa.

Idan murfin ya fita, sai faifan ya zare, ƙananan boris masu yawa su zubo. Shi ya sa ake shimfiɗa tsumma ko a ajiye tire a ƙasa. Harsunan da sifirin ɗinsu su ma a cire. Abin da ya rage a kan cibiya shi ne gangar jikin firiwil, wanda ake damƙewa a mamatsi ta inda harsunan ke zama, ko a kama shi da sifanar masu aikin famfo, a juya ƙafar hagu kamar yadda aka bayyana a baya.

Galibi wannan hanya tana kashe firiwil ɗin. Ƙwararren mai gyara zai iya mayar da shi idan gangar jikin bai murƙushe ba, ta hanyar manna boris ɗin da giris ɗaya bayan ɗaya, amma aiki ne mai cin rai. Ya kamata mai keke ya ji wannan bayani tun kafin a fara, domin ya san cewa kuɗin waya ɗaya zai iya haɗawa da na sabon firiwil. Kuma idan za a sayi sabo, mai gurabun mabuɗi ya fi, ko da ya ɗan fi tsada.

Cire kaset

Kaset ya fi sauƙin cirewa, domin takun feda ba ya ƙara ɗaure shi. Fayafayan a zure suke a kan bututun cibiya, zobe ɗaya ne ke riƙe da su. Matsalar kawai ita ce, ɓangaren da ake juya zoben domin ya kwance shi ne ɓangaren da kaset ke juyawa a sake. Idan aka sa mabuɗi aka juya, duka jerin ne zai bi, yana ƙas-ƙas. Don haka ake buƙatar abu na biyu da zai riƙe fayafayan, wato bulalar sarƙa. Wannan ba wani abu ba ne illa ƙarfe mai ɗan tsawo da aka maƙala wa guntuwar sarƙa a kai. Kowane mai walda zai iya haɗa ta da tsohuwar sarƙa, muddin sarƙar ba ta fi tazarar da ke tsakanin fayafayan kauri ba.

Ana tsayar da ƙafar a ƙasa, fayafayan na kallon mai gyara. A naɗa sarƙar bulalar a kan ɗaya daga cikin manyan fayafayai, hannunta na nuni dama. A zura mabuɗi a zoben, a kama shi da sifana, hannunta na nuni hagu. Sai a danna duka biyun ƙasa. Zoben zai saki da ƙarar gurza, kuma wannan ba alamar ɓarna ba ce, ƙananan tsagogin da ke hana shi kwancewa da kansa ne ke gogar juna. Wajibi ne a kula da yatsu, domin idan bulalar ta zame, bayan hannu a kan haƙora yake sauka.

Da zoben ya fita, fayafayan sai su zare. Ƙananan biyu ko uku a warwatse suke, da zobban tazara a tsakaninsu, manyan kuma sau da yawa a haɗe. Mai hankali yakan zura igiya ko waya ta tsakiyarsu ya ɗaure, domin kada jerin ya rikice. Tun da Shimano ya fito da tsarin Hyperglide a 1989, an yi wa bututun tsaga ɗaya da ta bambanta da sauran a faɗi, ta yadda kowane faifai hanya ɗaya kawai zai shiga. An yi haka ne domin ƙananan matakan da aka sassaƙa a gefen fayafayan su daidaita da juna, sarƙa ta riƙa hawa da sauka ba gargada.

Akwai tsohon tsarin da ya gabaci wannan, mai suna Uniglide, wanda har yanzu ake cin karo da shi a tsofaffin kekunan hannu. Shi ba shi da zobe. Ƙaramin faifan ne ake murɗawa ya kulle sauran, kuma bulala biyu ake buƙata, ɗaya ta riƙe babban faifai, ɗaya ta juya ƙaramin hagu.

Sauran nau'o'i biyu

Kekunan yara da wasu na mata da ake taka fedarsu baya domin a ja birki, da kuma masu giya uku a ɓoye cikin cibiya irin ta Sturmey-Archer, faifansu ba murɗa shi ake yi ba. Yana da 'yan kunnuwa uku da ke shiga gurabu, wani zoben waya mai tsalle kuma ya danne shi. Da siririn sukudireba ake ɓanɓaro zoben, ana rufe shi da tafin hannu, domin yakan yi tsalle ya nufi ido. Kafin a zare faifan, a lura da ɓangaren da ya kumbura yake kallo da kuma jerin zobban da ke bayansa, saboda su ne ke daidaita sarƙa da faifan gaba.

Sai kuma kekunan tsere na fili waɗanda ba su da firi sam. Faifansu murɗin dama ne, zoben da ke kulle shi kuma murɗin hagu. Ana fara kwance zoben zuwa dama, sannan a kwance faifan zuwa hagu da bulala.

Kurakuran da ba sa gyaruwa

Mafi muni a cikinsu shi ne yanke wayoyi kafin a cire firiwil. Yakan faru idan rim ya lalace, mai keke yana son a ɗaura sabo a kan tsohuwar cibiya. Yaron shago ya ɗauko filaya ya datse wayoyin domin ya rage aiki, sai a wayi gari da cibiya a hannu, firiwil na maƙale a jikinta, babu abin da za a kama a juya. Ba za a iya zura sabbin wayoyi ta dama ba, damƙe cibiyar a mamatsi kuma murƙushe ta yake yi. Wani lokaci ana ceto ta ta hanyar ɗaura wayoyin hagu kaɗai a kan wani rim, amma ƙarfin juyawar kan iya murɗe cibiyar a tsakiya. Ƙa'idar ita ce a cire firiwil tukuna, sannan a taɓa waya.

Na biyu shi ne dukan firiwil mai giya da yawa da guduma ta gurabunsa. Dukan yana ɓare gurabun, yana kuma ratsawa har cikin boris ɗin cibiya ya yi musu tabo. Kuɗin mabuɗi bai kai na sabuwar ƙafa ba, kuma sau ɗaya ake sayen sa.

Na uku yana faruwa ne wajen mayarwa. Zanen murɗin firiwil siriri ne ƙwarai, layi 24 a kowane inci. Firiwil ƙarfe ne, cibiyoyi da yawa kuma alminiyam ne mai taushi. Idan aka fara murɗawa a karkace aka tilasta, ƙarfen zai yanka sabuwar hanya a jikin alminiyam ɗin, kuma cibiyar ta tashi aiki. Haka nan tsofaffin kekunan Faransa suna da nasu ma'aunin murɗin, wanda bai dace da na sauran ƙasashe ba, duk da cewa a ido kamar ɗaya suke. Duk firiwil ɗin da ya cije bayan juyi ɗaya ko biyu, alama ce ta a dakata a duba.

Mayar da su

Kafin a mayar da firiwil, ana goge zanen murɗin cibiyar da tsumma, a shafa masa giris sosai. Giris ɗin nan shi ne zai sa wanda zai cire shi bayan shekara biyu ya same shi da sauƙi. Ana kwantar da ƙafar, a ɗora firiwil ɗin a miƙe, a ɗan juya shi baya har a ji ya faɗa gurbinsa, sannan a murɗa dama da yatsu. Ya kamata ya yi juyi da yawa ba tare da tirjiya ba. Ba a buƙatar ɗaure shi da ƙarfi, domin takun farko na mahayi zai ƙarasa aikin. Idan akwai faifan roba da ke tsakanin babban faifai da wayoyi, a mayar da shi, shi ne ke hana sarƙa gurgurar wayoyin.

Shi kuwa kaset, ana shafa giris kaɗan a bututun, a jera fayafayan rubutunsu na kallon waje, kowane zoben tazara a wurinsa. Wajen ɗaure zoben ba a buƙatar bulala, domin harsunan ciki sun riƙe jerin. Masu ƙera shi sukan rubuta 40 Nm a jikinsa, wanda ya yi daidai da danna nauyin kilo 13 zuwa 14 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 30. Bayan an ɗaure, a girgiza fayafayan da hannu. Idan suna motsi, an manta da zoben tazara guda, kuma barin su haka zai sa su sassaƙe bututun.

Daga ƙarshe, bayan ƙafar ta koma jikin keke, ana ɗaga bayan a juya feda, a bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake dubawa musamman shi ne babban faifai da ƙarami. Idan sarƙar na neman wuce babban ta faɗa cikin wayoyi, ko ta wuce ƙaramin ta maƙale a jikin keke, sai a daidaita ƙananan sukurori biyun da ke jikin abin sauya giya, masu alamar L da H, kafin a miƙa wa mai keke abinsa ya hau titi.